Zobe-zobe a bayan katin biki

Talata, Gombe.

Aikin yau katin gayyatar ɗaurin aure ne na bidiyo, daƙiƙa 40, bangonsa shuɗi mai duhu da ɗan haske a tsakiya. A ƙaramin allon After Effects, manhajar da nake haɗa bidiyon da ita, ba a ga komai ba, amma da renda, wato fitar da kammalallen bidiyo, ta fito sai ga zobe-zobe a jere, kamar an yanka albasa.

Matsalar ta lissafi ce. A bit 8, wato ma'aunin zurfin launin da aikin ke kai, ja da kore da shuɗi kowanne matakai 256 kacal yake da su. Shuɗin nan daga 20 ya tashi a gefe, ya tsaya a 50 a tsakiya, wato matakai 30 a tsawon fiksel (ɗigon allo) 960. Kowane mataki ya ci fiksel 32 ke nan, ido kuwa ba ya kasa ganin wannan a wuri mai duhu. Yaron shago ya ce a ƙara Blur, wato a dusashe bangon. Ba ya magani, don launin a goge yake tun asali, matakai ne suka yi masa kaɗan.

Na riƙe maɓallin Alt na danna 8 bpc, alamar zurfin launi da ke ƙasan tagar Project, ya koma 16, matakan suka ƙaru. Wannan ya gyara cikin aikin, sai dai H.264, tsarin matse bidiyon da za a ba mai kaya, zai sake mayar da shi bit 8. Don haka na ɗora Noise, wato ƙananan ɗigo-ɗigo, kashi 2 cikin 100, marar launi, a saman bango, ƙasan rubutun sunayen ango da amarya. Ɗigo-ɗigon nan kamar yashi su ke cakuɗa bakin mataki da na kusa da shi har layin ya ɓace wa ido. Kashi 5 ya yi yawa, hoton sai ya zama kamar hazon hunturu.

Uwar fayil na fitar da ita a ProRes 422 HQ, tsarin da ba ya matse bidiyo sosai, bit 10, matakai 1024. A nan ne wasu ke sakin jiki. Da na matse ta zuwa H.264 a megabit 5 kowace daƙiƙa, zoben ya dawo, saboda matsewa tana ɗaukar ɗigon a matsayin shara ta share shi. A megabit 20 ɗigon ya tsaya, zoben bai dawo ba. WhatsApp ma yana matse bidiyo ya share ɗigon, shi ya sa na tura a matsayin dokumen. Na sitatus kuwa ba yadda za a yi da matsewarsa, sai na buɗe tazarar launin, na shimfiɗa zanen shadda mai dishi-dishi a bangon.

Gwajina kullum ɗaya ne: in ɗora Levels, kayan daidaita haske da duhu, in matse baƙi da fari sosai, ɓoyayyen zobe ya fito fili, in cire kafin renda. Allon laftof mai araha yakan zama bit 6, ya nuna zoben da babu shi a fayil, don haka bayan isha'i na sake dubawa a waya cikin ɗaki mai duhu. Saura babban allon zauren biki, gobe da safe.