Ashe ramin da na jona SSD ne matsalar

Jiya na sa wa tsohuwar kwamfutata sabuwar SSD (ma'ajiyar bayanai da ta fi hadi dis sauri), ina ta murna zan rabu da jan ƙafar hadi dis, amma da na gwada gudunta sai na ga ko 400MB a sakan ɗaya bata kai ba, alhali kwalin ya ce wajen 550. Har na fara zargin jabu aka sayar min wallahi.

Ashe laifina ne. Madabod ɗina, wato babban allon cikin kwamfuta, ta 2011 ce, mai cif ɗin Intel P67, kuma ramukan SATA ɗinta, inda ake jona SSD ko hadi dis, kashi uku ne duk da kamarsu ɗaya. Biyu na Intel ne kai tsaye, masu 6Gb/s, huɗu kuma masu 3Gb/s waɗanda basa wuce 280MB ko kusa da haka, sai wasu biyu na ƙari da wani ɗan cif daban ke kula da su, su ma an rubuta musu 6Gb/s shi yasa na ruɗe na jona SSD ɗin a ɗaya daga cikinsu. To shi wannan cif ɗin ta layin PCIe 2.0 (hanyar da bayanai ke bi a kan madabod) guda ɗaya tak yake bi, layin kuma iyakarsa 500MB, su biyun ma raba shi suke yi, ka ga ai dole ya shaƙe.

Na mayar da wayar SSD ɗin ramin Intel mai 6Gb/s, na duba AHCI (tsarin aikin ramukan SATA) a BIOS, wato saitunan madabod, gudu ya haura 500 nan take. Ramin ƙarin kuwa tsohuwar hadi dis na bar wa, ita dama ba sauri take ba.