Takardar da na sa wa hannu ban karanta ba

Wallahi har yau abin nan na ci mini rai. Damina biyu na yi ina yawo gonakin wajen Agiye da Tibiri ina ƙirga gawon da manoma ke bari cikin gona, na rubuta maƙala, wata mujallar Turai ta amsa. Murna ta ɗebe ni, da sunka aiko takardar haƙƙin mallaka ko layi guda ban duba ba, na sa hannu na maida musu, ni dai CAMES, hukumar da ke duba ƙarin girman malaman jami'a, ce gabana, a samu a ƙara girma.

Sai wata ɗalibata ta same ni ofis da waya a hannu, ta ce Malam maƙalarku fa ba ta buɗuwa sai an biya. Na duba, kuɗin ya wuce jika ashirin. Aikina, da guminmu da na manoman da sunka ba ni fura cikin rana, amma ko sa ta a intanet ba ni da iko sai da izininsu, don hannun nan da na sa ya miƙa musu haƙƙin gaba ɗaya, sunana kawai ya rage a sama.

Maƙala ta biyu kam, da takardarta ta zo, zama na yi na karanta har ƙasa. Mujalla ce ta kyauta ga mai karatu, haƙƙi na wurina, lasin Creative Commons, wanda ke faɗin abin da wasu ke iya yi da aikin, kawai zan zaɓa. Da farko hannuna ya tafi kan mai ND, wai kar a taɓa mini aiki, ashe ND na hana wani ya fassara ya rarraba, ni kuma babban burina a maida shi Hausa. NC kuma ciniki yake hanawa. Na ɗauki CC BY 4.0, kowa ya kwafa, ya fassara, sharaɗin dai ya ambaci sunana ya kuma faɗi in ya canza wani abu. Kuɗin bugawa na roƙi yafiya tun ranar da na tura, tunda Nijar na rukunin A na Research4Life, shirin da ke sauƙaƙa wa ƙasashe marasa ƙarfi samun mujallun bincike, kuma anka yafe.

Na ajiye kwafi a Zenodo, ma'ajiyar ayyukan bincike ta kyauta a intanet. Ɗalibar nan ita ta fassara ta, ta karanta da murya, yanzu tana yawo WhatsApp ɗin manoman da na yi aikin da su. Maƙala ta farkon kuwa na rubuta wa mujallar sau biyu ina neman izinin fassara, ina nan ina jira.