Yau na mayar da kifi ruwa da hannuna

Asabar, cikin watan Afrilu, Dallas.

Sha ɗaya na dare ta gota, yara sun yi barci, babban yatsana na dama sai raɗaɗi yake kamar an goge shi da sanfefa. Bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maƙwabcina ya haska mini fitila a ƙofar gida, jirgin ruwansa na ɗaure a bayan a-kori-kura. Dattijo ne ɗan asalin Texas, ya yi ritaya daga aikin gyaran wuta, ba shi da zance sai na kifin da suke kira bas. Wata uku ke nan yana cewa sai ya kai ni tafkin Fork, ni kuma ina ta in sha Allah. Ni na jawo wa kaina, don na taɓa yi masa burga cewa kakana masunci ne a Yawuri, a bakin Kwara aka yanke mini cibi. Baki shi ke yanka wuya. Daren jiya na sayi lasisi ta waya, tunda a nan duk wanda ya kai shekara 17 ba ya jefa ƙugiya a irin wannan ruwa sai da takarda.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa gabas. Na yi asuba a gefen motar, a inda ake sauke jirage, shi kuma ya jira ni da kofin gahawarsa bai ce uffan ba.

Da gari ya waye na ga tafkin sosai. A 1980 aka datse shi, faɗinsa wajen eka 27,000, kuma da za su cika shi ba su sare yawancin dajin ba. Har yau ga matattun itatuwa nan tsaye cikin ruwa, wasu sun leƙo, wasu sun laɓe ƙasa kaɗan suna jiran farfelar wanda bai san hanya ba. A gindinsu kifin yake kwana, a jikinsu kuma ƙugiya take maƙalewa. Duk dabarar yau daga wannan matsala ta fito.

Sanda bakwai na ƙirga a shimfiɗe a kan jirgin, kowace da irin ɗaurinta. Na yi dariya a zuci. Mu muna yara gora ɗaya ce, da zare, da ƙugiyar kwabo, da gwangwanin tana da muka tono a bayan ɗaki. Da ya buɗe akwatinsa sai ka rantse tiren mai alewa ne: tsutsar roba, ƙadangaren roba, kwaɗon roba, wata launin kankana, wata launin ɗanyar kabewa. Ya ce wani Nick Creme ne ya fara zuba tsutsar roba a gidansa a Akron ta jihar Ohio a 1949, daga baya ya dawo da sana'ar Tyler, nan kusa da mu, saboda masu fatsar wannan yanki ne suka fi rububinta.

Ya zaunar da ni ya koya mini ɗaurin Texas, kuma shi ne abin da na fi son in tuna. Za ka fara zura 'yar dalma mai siffar harsashi a zaren, tsininta na kallon sama. Sai ka ɗaura ƙugiya mai 'yar lanƙwasa a wuya. Ka soka bakinta a kan tsutsar kamar tsawon rabin farce, ka fito da shi ta gefe, ka ja tsutsar har ta hau wuyan, ka juya ƙugiyar, sannan ka sake nutsa bakin cikin jikin robar ba tare da ya ɓullo ba. In ka yi daidai, tsutsar za ta miƙe sambal, kuma in ka shafa ta da yatsa ba abin da zai soke ka. Haka za ta ratsa rassa da ciyawa ba ta kama komai ba. Na farko da na yi ya karkace kamar lauje. Ya girgiza kai ya ce irin wannan juyawa take yi a ruwa ta murɗe zare, kifi kuma ba wawa ba ne. Sai a na huɗu ya ce to.

Jifan farko kuwa abin kunya ne. Kwarkwaron da ke kan sandar irin mai juyawa da kansa ne idan an yi jifa, kuma da babban yatsa ake yi masa birki. Na wurga da ƙarfi ina fuskantar iska, dalmar ta rage gudu, kwarkwaron bai rage ba, zare ya cakuɗe ya yi tsiri kamar kan da aka tsefe ba a kitsa ba. Su sheƙar tsuntsu suke ce masa. Minti ashirin na yi ina tsintar zare, jikan masunci guda, dattijo na gefe yana jifa kamar mai yafa gero, har ya kama biyu ya sake su. Da na gama ya ƙara ɗaure mini birkin, ya juya jirgin iska ta koma bayanmu, ya ce in taɓa kwarkwaron da yatsa dab da dalma za ta faɗa ruwa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne babu ɗan karan da muke sa wa zare ya yi ta yawo a sama, in ya nutse ka san an ci. Nan hannunka ne idonka. Ka bar tsutsar ta sauka ƙasa, ka ɗaga sanda a hankali, ka sauke, ka naɗe ragowar zaren, ka jira. Shi ya sa yake amfani da wani zare mai nutsewa da ba a cika ganinsa a ruwa ba, kuma ba ya talewa sosai, duk abin da dalmar ta taɓa sai ka ji shi a tafin hannu. Da farko komai kifi ne a wurina. Na fizgi kututture sau uku. Can wajen ƙarfe tara na ji wani abu dabam, tak, tak, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Na tsaya ina tunani. Kafin in gama tunanin ya tofar. Dattijo ya ce in ka ji haka ka sunkuyar da sanda, ka naɗe har zaren ya miƙe, sannan ka fizga sama da iyakar ƙarfinka, don sai bakin ƙugiyar ya huda robar kafin ya kai ga kifin. Wani lokaci ma ba za ka ji komai ba, sai dai ka ga zarenka yana tafiya gefe shi kaɗai.

Na tambaye shi me zai kai kifi mai hankali ga cin roba. Ya nuna mini na'urar jirgin, zafin ruwa 64 a ma'auninsu, wajen 18 ke nan a namu. Lokacin ƙwai ne. Namiji yana share ɗan fili a ruwa marar zurfi, mace ta zuba ƙwai, shi ya tsaya gadi. Duk abin da ya raɓi wurin zai cafke shi ya fitar, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa na ga irin filayen nan da idona, fari-fari kamar faifai a ƙasan ruwa.

Da rana ta take muka koma wani tsibi mai zurfin ƙafa goma sha biyar, ya ba ni ɗaurin Carolina: dalma mai nauyi, ɗan dutsen ado da ke ƙara in sun haɗu, ɗan ƙarfe mai juyawa, sannan zare kamu uku kafin ƙugiya, yadda tsutsar za ta riƙa shawagi a baya. Ja kawai ake yi a ƙasa. Ban ji daɗinsa ba, kamar jan akuyar da ba ta son kasuwa. Ƙanana biyu na samu a nan, inci 13 da inci 14.

Bayan na yi azahar a kan jirgin muka koma cikin itatuwa. Na jefa ƙadangaren roba gindin wani kututture, kafin ya kai ƙasa na ga zaren ya kama hanya zuwa hagu. Wannan karon ban yi shawara da kowa ba. Sandar ta lanƙwashe, ya nufi rassa, dattijo na ihu in ɗago kansa kada in ba shi zare. Ya yi tsalle ya baje baki yana girgiza kai, bakin nan dunƙulen hannuna zai shige. Da ya iso na kama shi ta leɓen ƙasa kamar yadda aka nuna mini, ɗaya hannun a ƙarƙashin ciki don kada nauyinsa ya karya masa muƙamuƙi. Ƙananan haƙoransa ne suka goge mini yatsa. Inci 21, fam biyar da ɗoriya. Mace ce, cikin nan taf.

A raina har na ga tukunya. Dattijo ya ce a mayar. Dokar wannan tafki ita ce duk bas da ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 ruwa zai koma nan take. Biyar aka yarda ka tafi da su a rana, kuma ɗaya tak a ciki zai iya kai inci 24. Ƙanana a ɗebe su don abinci ya ishi saura, matsakaita a bar su su zama manya. Ya ce da haka tafkin ya yi suna: a nan Mark Stevenson ya kama mai fam 17.67 a 1986, wadda aka sa wa suna Ethel, da ita aka buɗe shirin da jihar ke karɓar duk mai fam 13 zuwa sama da rai don a samu irinsa. A nan kuma Barry St. Clair ya kama mai fam 18.18 a Janairun 1992, har yau ba a kama wanda ya fi shi nauyi ba a Texas.

Ni ma na ɗan yi karatuna kafin in zo. Na ce masa ai St. Clair da ɗan kifi mai rai ya kama nasa, yana neman wani ƙaramin kifi dabam, ba da alewar roba ba. Kuma George Perry, da ya kama mai fam 22 da oza 4 a Georgia a 1932, wanda sai a 2009 wani Bajapane ya kama mai irin nauyinsa a tafkin Biwa, gida ya kai nasa aka cinye. Ya yi dariya har da tari, ya ce lokacin yunwa ne, kuma tun da Ray Scott, mai shirya gasar kamun bas, ya shigo da kamu-a-saki cikin gasanninsa a 1972 aka bar wannan zance. Ya ɗauke ni hoto. Na durƙusa na riƙe ta cikin ruwa har ta motsa, ta watsa mini ruwa a fuska ta tafi. Wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, kamar na yar da kuɗi a rijiya.

A hanya na tura wa Kawu hoton, bai yi minti biyar ba ya kira.

"Kai ɗan nan, wannan ai jikan giwan ruwa ne. Nawa ya yi a sikeli?"

"Kilo biyu da rabi zai yi, Kawu. Amma na sake shi."

Ya yi shiru. "Ka saki me? Ruwan na da masu shi ne?"

Na yi masa bayanin inci 16 da 24. Ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa kifi awo kamar shadda ba. Can kuma ya ce, yanzu a wajensu yara da raga mai ƙananan ido suke kwashe har 'ya'yan, rabon da ya ga giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka ya manta. Ya ce in gaida iyali, in kuma daina ɓata wa kakana suna a ƙasar mutane.

Ƙananan biyun na taho da su, duk da dattijo ya ɗan yamutsa fuska, shi ko ƙaramin ba ya ci. Uwargida ta riga ta jajjaga attarugu tun la'asar, ta ɗora babbar tukunya saboda hoton da ta gani. Ta leƙa cikin kular, ta dube ni.

"Baban yara, ina na hoton?"

Na ce yana Fork, yana gaishe ta. Ta sauke babbar tukunyar ta ɗauko ƙarama. Farfesun ya yi daɗi, naman fari ne ba ƙaya da yawa, sai dai romon ya shiga yatsan nan, har yanzu ina hura shi.