Abin da likita ya rubuta, shi muke sa wa lamba

Ranar Litinin wata takarda ta iso ofishinmu daga wani ƙaramin asibiti a nan Bronx, cikin birnin New York. Nas ta auna mara lafiya, ta rubuta BMI, wato awon nauyin jiki bisa tsawo, 42. Likita kuwa kalma ɗaya ya rubuta: ƙiba. Yarinyar da na ɗauka aiki kwanan nan ta ɗago kai daga kwamfuta ta ce, "Hajiya, ai wannan mataki na uku ne ƙarara. In sa E66.813?" Na ce, "A'a 'yata, dakata. Likitan ya ce mataki na uku?" Ta sake dubawa, ta girgiza kai.

Aikinmu ke nan. Mu huɗu ne, muna karanta bayanan da likitoci suka rubuta a kan marasa lafiya, mu mayar da kowace cuta lambarta ta ICD-10-CM, wato tsarin lambobin cututtuka na Amurka, sannan a tura wa kamfanin inshora ko Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, don a biya asibiti. Ƙiba na cikin wuraren da ake yawan tuntuɓe. Daga 1 ga Oktoba 2024 aka ba matakanta lambobi: E66.811 mataki na ɗaya, E66.812 na biyu, E66.813 na uku. A ma'auni, na ɗaya daga BMI 30 ne zuwa ƙasa da 35, na biyu daga 35 zuwa ƙasa da 40, na uku daga 40 zuwa sama. Sai mutum ya ga kamar lissafi ne kawai. Amma ƙa'ida ta ce ganewar cuta hakkin likita ne. Nas ko mai kula da abinci na iya rubuta BMI, mu ɗauka mu sa lambar Z68, misali Z68.41 ga 40 zuwa 44.9, amma ita ma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai likita ya ambaci cutar da take rakiya. Matakin ƙiba kuwa, in bai fito daga alƙalaminsa ba, ni ban isa in ƙirƙira shi ba. Ko dai mu sa E66.9, ƙibar da ba a fayyace ba, ko mu aika masa tambaya.

Rubuta wannan tambaya fasaha ce da na sha wuya kafin na iya. Ba a sa wa likita magana a baki, ba a ambaci kuɗi. Za ka ajiye masa awon da ke cikin takarda, ka roƙe shi ya fayyace cutar bisa ganinsa, ka bar masa damar cewa ba haka ba ne. Wata dattijuwa ce ta koya mini, lokacin muna kan tsohon tsari na ICD-9, ƙiba 278.00, mai tsanani 278.01. Littafinta ya yi kauri kamar matashin kai, gefensa duk tutocin takarda masu launi. In na kawo mata lamba sai ta ɗora yatsa a kan takardar ta ce in nuna mata inda likita ya faɗa. Sau nawa na koma kujerata da jan biro a aikina! Da aka koma ICD-10-CM ranar 1 ga Oktoba 2015, tare muka yi ta kwana a kan littafi, ita da shekarunta, ni da jarrabawar CPC ta shaidar ƙwarewa a aikin sa lamba da na ci ba da daɗewa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin araha. Su zo wa likita da rabin farashinmu, su saki manhaja ta tsinci BMI ta manna lamba mafi tsanani, saboda a tsarin Medicare Advantage, wato Medicare da kamfanonin inshora ke gudanarwa, ƙiba mai tsanani tana ƙara abin da ake biya. Wata biyu likita na murna. Ranar da masu bincike suka nemi takardu, aka ga babu inda ya rubuta hakan, shi zai mayar da kuɗi, sunansa ne a kai. Wani da ya bar mu saboda farashi ya dawo da takardu kwali biyu, muka yi sati uku muna warware ɓarnar. Kuma bayan kuɗi akwai mutum: lambar da aka sa tana bin mara lafiya a tarihinsa, tana shafar ko za a amince masa da tiyatar rage ƙiba ko magani.

Shi ya sa duk asibitin da muka karɓa, nakan fara zama da likitocinsa minti talatin, in nuna musu yadda za su rubuta mataki, da dalili in sun san shi, da cututtukan da ke tafe da ƙibar kamar ciwon suga da hawan jini. Duk takarda kuma sai ido biyu sun gan ta kafin ta fita.

Likitan na Litinin ya amsa da yamma. Ya ƙara a bayaninsa cewa ƙiba ce mataki na uku, ya sa hannu da kwanan wata. Sannan na ce wa yarinyar ta sa E66.813, ta bi shi da Z68.41.