Yadda na zaɓi akwatin sifikar jitata tsakanin Garwa da Marwa

Amfilifayar da yayana ya aiko mini daga Duwala kai ne kawai, babu sifika a jikinsa. A wajen masu sayar da kayan gwanjo na Turai ya tsinto shi, mai wat 50, irin mai kwalabe a ciki waɗanda ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Ya hau jirgin ƙasa har Ngaundare, daga can motar haya ta ƙaraso da shi Garwa. Ni kuwa jita nake kaɗawa a gidajen biki da na suna, tare da mai kalangu da mai fiyano da mawaƙinmu, kuma na daɗe ina fama da wata 'yar ƙaramar amfilifaya wadda da zarar kalangu ya tashi sai ka neme ni ka rasa.

Kafin in taɓa shi na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar Yelwa, wanda muke kira Baba. Ya juya bayan amfilifayar ya nuna mini ramuka uku na jona sifika, an rubuta 4, 8, 16, lambobin om ke nan, awon da ke nuna ramin da ya dace da kowane akwati. Ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura ka kunna wannan babu sifika a jone. Na taransista zai yi maka uzuri, wannan ba zai yi ba." Dalilin shi ne, mai kwalabe yana da taransifoma a bakin fitar sauti, idan aka kaɗa jita alhali ƙarfin bai sami inda zai tafi ba, sai ya dawo ya ƙone nannaɗin wayar da ke ciki. Neman irin wannan taransifoma a Garwa kuwa, sai dai a yi haƙuri. Ya kuma duba ya ga na wuta 220 ne irin tamu, ba na Amurka mai 120 ba, wanda sai da na'urar rage wuta.

Abokan kiɗa na suka ce me zan wahalar da kaina, ga manyan akwatunan masu DJ cike da gari, in ari ɗaya in jona. Mun gwada a shagon Baba. Muddin sautin a wanke yake, ba laifi, sai dai ya bushe. Da na murɗa ya fara kaushi, irin kaushin da masu jitar Agadas ke so, sai wani tsiii mai soka kunne ya hau saman komai. Akwatin DJ yana da ƙaramar sifika ta siririyar murya, domin aikinsa ya fitar da duk abin da aka ba shi, daga ganga har kuge. Sifikar jita da gangan aka yi ta gajeriya. A awon hez, wanda ke nuna kauri ko sirantar sauti, tana farawa daga wajen 70 ko 80, daidai inda tsirkiya mafi kauri take, wato hez 82, sannan ta fara sauka da an wuce hez 5,000. Duk ƙazantar da kaushi ke haifarwa a can sama, ita ce ke yanke ta. Ashe rabin muryar da muke yabon amfilifaya a kai, ta akwatin ce.

Sai na shiga babbar kasuwa. Akwatunan da ke can sababbi ne, masu ƙyalli, da fitilu masu juyawa, an buga musu 2000W da manyan baƙaƙe. Ka ɗaga ɗaya da hannu guda. Wannan lamba ba ta nufin komai ga mai jita, ƙarfin ƙiftawar ido ne ake rubutawa don a ja mai saye. Wanda ake dubawa shi ne ƙarfin da sifika ke iya ɗauka a jere ba hutawa, wanda ake rubuta wa RMS. Kuma ko shi ɗin ba ya gaya maka yawan ƙarar da za ka samu, iyakarsa ya gaya maka inda sifikar za ta ƙone.

Lambar da ke nuna ƙara daban take, kuma ban taɓa jin mai shago ya ambace ta ba. Ana auna ƙarar da sifika ke fitarwa idan an ba ta wat ɗaya, daga nisan mita ɗaya, a rubuta da dB. Yawancin na jita masu inci 12 suna tsakanin 95 da 100. Bambancin 3 kacal daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Wato wat 50 ɗina a kan sifika mai 100 za su yi ƙarar wat 100 a kan mai 97. Ga wanda ke kiɗa a filin Allah, babu bango babu rufi, da janareta na kuka a gefe, wannan lissafi ya fi kowane muhimmanci.

Yayana ya turo mini bidiyo ta WhatsApp na wani babban akwati mai sifika huɗu, irin wanda kamfanin Marshall na Ingila ya fito da shi a shekarun 1960 ya zama abin da kowa ke kwaikwayo. Ba zan ɓoye ba, ya shiga raina. Amma nauyinsa ya doshi kilo 40, ni kuwa a kan babur nake zuwa wurin kiɗa, jita a goye, kai a kan tanki. Wanda ya tsara wannan akwati yana da motar ɗaukar kaya da ƙattin da za su ɗauka. Mai sifika ɗaya ya fi sauƙi, amma na ji tsoron wat 50 a kan guda ɗaya daga la'asar har tsakar dare a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Sai na tsaya a kan mai biyu.

Labari ya zo mini cewa wani Alhaji a Marwa da ke ba da hayar kayan sauti yana rage tsofaffin kayansa. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200, ta Figil. Na ɗauki kan amfilifayar da jitata, da abin da Baba ya haɗa ni da shi: mitar awo, da batir mai murabba'i na bolt 9, da sukundireba.

Akwati biyu ne a ɗakin ajiyarsa da suka dace. Na farko kyakkyawa, fatarsa ba ko ƙwarzane, bayansa a buɗe. Na haska ciki da fitilar waya. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a jikin ƙarfen sifikar hagu, ƙura ta yi tudu a ƙasan akwatin, maganaɗisun ya kwaso ƙananan kusoshi da ɓarɓashin ƙarfe sun manne masa. Na buɗe yatsuna biyar na ɗora kewaye da tsakiyar takardar da ke fuskar sifikar, na tura a hankali, daidai wa daida. Ta dama ta shiga ta dawo shiru. Ta hagu ta ce ƙurrr. Koyil ɗin, wato nannaɗin wayar da ke motsa takardar, na gogar bangon ramin da yake kai da kawowa a ciki, ko dai zafi ya lanƙwasa shi, ko yashi ya shiga. Irin wannan idan ka kaɗa da ƙarfi ba za ka ji ba, sai ka bar tsirkiya tana mutuwa a hankali sannan kaushin ya fito.

Na ce, "Alhaji, wannan ta hagun tana guga."

Ya matso ya tura da kansa, ya yi murmushi. "To ai samari, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohon kaya ne. Duba wancan."

Wancan ɗin muni gare shi. Fata ta ɗaye a kusurwoyi, hannun ɗauka ɗaya ya tsinke an maye shi da igiya, bayansa a rufe ruf da kusoshi masu yawa. Na roƙi izini na kwance. Inda fatar ta ɗaye na ga katakon falle-falle ne da aka manne, ba irin na garin katako da aka matse ba, wanda ruwan sama ɗaya ke kumbura shi, kusa kuma ba ta zama a jikinsa idan ana yawan jijjiga shi a kan babur. Da murfin ya fita sai ga ciki fes, babu ƙura, babu gidan ƙwaro. Sifikun biyu Celestion ne, samfurin Vintage 30, kowace an rubuta mata om 16. Wannan samfuri wat 60 yake ɗauka, ƙararsa kuma 100 ce. Biyu sun ba da wat 120, fiye da ninkin abin da amfilifayata ke fitarwa, wanda ya dace, don mai kwalabe idan aka matsa masa yakan wuce lambar da aka rubuta masa.

Takardar suna ana iya manna ta a kan komai, don haka na bi sauran gwajin. Na duba yadda aka haɗa wayoyin. Ja da ja, baƙi da baƙi, wato gefe da gefe, wanda ke raba lissafi biyu: 16 da 16 su zama 8. Da a jere aka haɗa su, wutsiyar wannan a kan wancan, da 32 za su zama, babu ramin da zai karɓe su. Na sa mita a bakin soket, ta nuna shida da ɗigo. Haka ya kamata, domin mita kullum ƙasa kaɗan take nunawa da abin da aka rubuta. Akwatin om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, na 16 ya nuna wajen 12 zuwa 14, na 4 ya nuna wajen 3. Masu gyara sukan canza sifika su bar tsohon rubutu a baya, don haka mita na yarda da ita, ba rubutun ba.

Sai batir. Na taɓa shi a wayar na ɗan lokaci kaɗan, ya ce ɓup, takardun biyu suka yunƙuro waje tare. Da ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya waya ke nan, kuma za su riƙa cinye kaurin juna, sauti ya fito siriri ka rasa dalili. Gyaran minti biyu ne, amma mutane nawa ne suka sayar da akwati mai kyau da arha saboda shi.

Na ce a fitar da shi tsakar gida, don a ɗaki kowane akwati yana da daɗi, bango na taya shi. Na jona a ramin 8 na kaɗa. Yaran gidan suka taru. Na ba wani ɗan Alhaji da ya iya kaɗan ya riƙe jitar, ni kuma na zaga. A gaba sauti ya fito da kauri, a dunƙule, har bakin zaure. Da na koma gefe sai kaifin ya ragu, a baya kuwa sai gunji kawai. Wancan mai buɗaɗɗen baya, ko da sifika ɗaya mai lafiya, ya fi bazuwa, mai kalangu da ke bayana zai ji ni sosai, amma a fili rabin ƙarfinsa bayan gida yake tafiya. A zaure ko ɗakin taro da shi zan zaɓa. Aikina na waje ne, ga kuma ƙurar hunturu da na ga abin da ta yi wa ɗan'uwansa.

Ciniki bai yi tsawo ba. Ya faɗi nasa, na taya, ya ce albarka, na ƙara jaka biyar na nuna masa igiyar da ke matsayin hannu, ya ce Allah ya sa alheri. Ya so ya haɗa mini da wayar jita a matsayin gyara, in riƙa jona kai da akwati. Na karɓa na gode, amma ba ita nake amfani da ita ba. Wayar jita siririya ce a ciki, an yi ta don ɗan ƙaramin sigina, idan ta ɗauki wat 50 tana iya zafi ta narke, kuma in ta tsinke ana tsakar kiɗa, amfilifaya ta zama babu sifika, mun koma kan abin da Baba ya hana. Baba ya yanko wayar wuta mai jijiya biyu masu kauri, kamar mita ɗaya, ya yi mata kawuna. Na naɗa mata jan salatif don kada ta cakuɗe da sauran a cikin jaka da dare.

Akwai abin da sai a wurin biki ya bayyana. Rufaffen akwati kaifinsa miƙe yake tafiya, kuma idan yana ƙasa gwiwoyina yake bugawa, ni da ke tsaye ban jin kaifin, sai in ƙara. Matan da ke zaune a tabarma a gabansa su ne ke sha. Wata gwaggon amarya ta aiko yaro ya ce a gaya wa mai jita kunnuwansu ba na aro ba ne. Yanzu kan benci nake ɗora shi, in sa ɗan katako a ƙarƙashin gabansa ya ɗago fuska, in tsaya inda zan ji abin da su ke ji. Vintage 30 dama tana da cizo a tsakiyar murya, shi ya sa take ratsa kalangu, don haka maɓallin kaifi bai taɓa wuce rabi ba a wurina.

Kafinta ya sa masa hannaye biyu na ƙarfe da ƙusoshin roba a ƙasa, tela ya ɗinka masa riga da tampol. Ba na barinsa a rana, don baƙar fata na tara zafi, gam ɗin da ke riƙe da takarda da koyil kuma ba ya son haka. A babur kuwa fuskarsa na kallon bayana, da bargo a tsakani, a ɗaure da roba.

Mai kalangunmu dai har yanzu yana ƙorafin ba ya jina. Na sa kafinta ya yanko wani murfin baya na daban, gida biyu, sama da ƙasa, da rata a tsakiya, na ajiye na asali. Idan kiɗan na cikin ɗaki ne nakan canza kafin in fita, aikin minti goma da sukundireba. Idan na fili ne, sai shi ya matso gefena.