Yadda na gina ɗaki biyu da kuɗin ɗinki

Ni tela ne, kuma duk tela ya san samunsa ba ya tafiya daidai. A watan azumi da gabanin babbar Sallah ko barci ba ka samu, bayan Sallah kuwa sai ka wuni kana gyaran zif da ƙafar wando. Da irin wannan samu na ɗaura niyyar gina ɗaki biyu a filin da na gada, in huta da kuɗin haya.

Na fara da adashi na kullum a layinmu na teloli. Zubin ba shi da yawa, na zaɓi abin da ko ranar da kasuwa ta mutu zan iya fitarwa ba tare da na taɓa kuɗin cefane ba. Wasu abokan aiki sun ce zubina na yara ne. Su da suka ɗauki mai nauyi, bayan Sallah uwar adashi ta riƙa bin su shago shago.

Inda lissafi ya canza shi ne 2023. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira dubu goma a wurare da dama. Wanda ya ce sai ya tara miliyan kaza kafin ya fara gini, kullum ya matso sai adadin ya ƙara gaba. Ni burina ba da naira na ƙidaya shi ba, da bulo na ƙidaya. Na kai magini filin, ya auna, ya faɗa mini bulo nawa, rodi nawa, kwano bandir nawa. Na rubuta a bayan littafin awo, duk abin da na saya sai in soke.

Duk ranar da na kwashi adashi, kuɗin ba ya kwana a aljihuna, domin kuɗin da ya kwana a gida sai biki ko suna ya ji ƙamshinsa. Amma ba komai ake saya a ajiye ba. Kwano da rodi da ƙofar ƙarfe suna jira. Siminti ba ya jira, danshin damina kaɗai ya isa ya daskarar da shi, don haka sai ranar aiki nake saye, ko in sa a buga mini bulo a jera a filin. Katako ma na bari sai dab da rufi, saboda gara.

Kuɗin ƙaramar Sallah ya kai ginin linta, na babbar Sallah ya yi rufi. Maigidana da ya koya mini ɗinki ya ce, "Kai yaro, shiga haka nan, filasta ta same ka a ciki." Na bi shawararsa, kuɗin hayar da zan sabunta ya tafi wajen haƙa masai da daɓen ƙasa. Yanzu saura filastar waje da katanga, kuma kwasata ta gaba tana watan Sha'aban.