Ƙumar da kyanwar Hajiya ta gayyato mana

A idon sawun yara na fara ganin abin: ƙananan jajayen ƙuraje, uku-uku, huɗu-huɗu, suna ta susa har da jini. Watan Disamba ne, sanyin Jos ya kankama, sauro ya yi ƙaura, don haka na ɗora wa kuɗin cizo laifi. Muka ɗaɗɗaga katifu, muka leƙa ɗinkinsu, wayam.

Farar safa ce ta tona asiri. Na saka ta da asuba, na bi ta kan kafet ɗin falo, ina dubawa sai ga baƙaƙen ɗigo suna tsalle a kanta. Na kama ɗaya na murza, ko gezau, sai da na datse ta da farce ta ce ƙas. Ƙuma! Ashe kyanwar surukata ce ta haihu a bayan buhunan sito.

Maigida ya sayo fiya-fiya ya feshe gidan, muka kwana biyu wajen yayata a Gangare. Ba zan sake ba. Autana ya yi mako yana tari, kwana 10 kuma ƙuma ta dawo kamar an yi mata gayya.

Na ce a kai kyanwar nesa a yar. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, in ta tafi, ke za ki riƙa kama ɓerayen?" Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya." Daga baya na ji cewa ɓera ma jigilar ƙuma yake yi.

Sai muka kai kyanwar wurin likitan dabbobi. Ya taje ta a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle, wani baƙin gari ya zubo, nan take ya narke ya koma ja. Kashin ƙuma ne, in ji shi, jinin da ta sha. Ya ce mace ɗaya kan saka ƙwai har 50 a rana, su gangaro daga gashi su faɗa kafet da tsagar siminti, su zama tsutsa, tsutsar ta naɗe kanta cikin kwanso. Feshi ba ya ratsa kwanson nan, tana iya makonni ko watanni a ciki, sai ta ji ɗumi da takun mutum ta fito. Wato masu tsalle kaɗai muka kashe. Ya ɗiga wa uwar maganin fipronil a ƙeya inda harshenta ba ya kai, ya ce jariran sai sun cika mako 8, kafin nan taje kawai. Ya kuma ja kunnena: maganin karnuka mai permethrin guba ne ga kyanwa.

Sauran aiki na jiki ne. Zannuwa da barguna a ruwan zafi duk mako, tsummokaran sito a wuta, kafet a rana ana jibga. Na aro injin zuƙe ƙura wurin maƙwabciya, duk bayan kwana biyu in bi lungu-lungu, in ƙone sharar a waje. Da dare in ajiye faranti da ruwan omo a ƙasa, in haska shi da fitila mai caji. Daren farko na ƙirga 34 a ruwan. Sai a mako na shida farantin ya kwana fes.

Kafet ɗin dai na naɗe shi, na shimfiɗa leda. Kyanwar tana nan, yanzu a kwali take kwana a zaure, Hajiya na aika mata kan kifi.